Yadda Kwamfuta Ke Tabbatar Da Jerin Bayanan Gadon Halitta

Jar akuyar Sakkwato, wadda ake kiwo a gidajen Tambuwal da Kebbe, tana ɗauke da haruffan gado na DNA kusan biliyan uku, shirye cikin kuromosom masu lamba daga 1 zuwa 29, ban da na jinsi. Masanin da ke neman sashen da ke ba ta juriyar cuta ba ya karanta su duka. Yakan yi aiki da tazara: sunan kuromosom, inda sashe ya fara, da inda ya tsaya, kamar a ce "hanyar Sakkwato zuwa Jega, daga kilomita kaza zuwa kaza". Fayil ɗaya kan ƙunshi layuka miliyoyi irin wannan.

Shirye-shiryen kwamfuta kamar BEDTools, wanda Aaron Quinlan da Ira Hall suka fitar a 2010, sukan kwatanta fayiloli biyu cikin hanzari idan layukan suna jere daga ƙarami zuwa babba. Idan kuwa jerin ya karye ba a lura ba, to, ana iya tsallake sashen da ake nema, a ce babu shi alhali yana nan.

Shin sai an sake jera fayil kafin a amince da shi? A'a. Jera layi miliyan ɗaya na cin kwatance kusan miliyan 20, amma dubawa kawai ba ta wuce 999,999. Matafiyin da ya baro Shagari ya nufi Tambuwal ba ya buƙatar haddace dukan alamomin kilomita; ya isa ya riƙe ta ƙarshe da ya wuce, ya gwada ta da mai zuwa. Haka kwamfuta ke yi, kuma da ta ci karo da layin da ya koma baya sai ta tsaya. Abin da za ta ƙara riƙewa shi ne sunayen kuromosom ɗin da ta gama da su, domin kada wani ya sake ɓullowa can gaba.

Sai dai wajen sunayen ne gizo ke saƙar. Idan kwamfuta ta ɗauki sunaye a matsayin rubutu, tana sa 10 da 11 har zuwa 19 gaban 2, domin harafin farko take dubawa. Ɗan Adam kuwa 2 yake sawa bayan 1. Kowane tsari daidai ne a kan kansa, amma fayiloli biyu masu tsari dabam ba za su haɗu lafiya ba. Gero, mai kuromosom 7, ya tsira daga wannan tarko. Akuya ba ta tsira ba. Saboda haka ake bai wa shirin wani ɗan fayil mai jerin sunayen, ya auna duka biyun da shi.