Takaba a kan hanya: matar da ta zaga duniya da ƙafa

Ranar 2 ga Oktoban 2003 Rosie Swale-Pope ta cika shekara 57 a duniya. A wannan ranar ta rufe ƙofar gidanta da ke Tenby, wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Wales na Birtaniya, ta kama hanya da gudu ta nufi gabas. Ba ta dawo ba sai ranar 25 ga Agustan 2008, ta shigo garin tana dogara sanduna biyu, bayan ta ci kimanin kilomita 32,000. Sau 53 tana sake takalmi a wannan tafiya.

Abin da ya fitar da ita daga gida mutuwa ce. Mijinta, Clive, ya rasu a 2002 sanadiyyar ciwon dajin furostet, wanda mutanenmu suka fi kira dajin mafitsara, ko da yake ba a cikin mafitsarar yake ba. Furostet wata 'yar ƙwaya ce da maza kaɗai ke da ita, a ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar fitsari. Mugun halin wannan ciwo shi ne yakan yi shekaru bai nuna kansa ba, kafin fitsari ya fara wahalar fita ko ƙashin baya ya fara ciwo, sau da yawa ya riga ya yi nisa. Na Clive ma ba a gano shi da wuri ba. Rosie ta ƙudura cewa za ta bi gari-gari tana gaya wa maza su je a duba su, ta kuma haɗa da neman tallafi ga marayu a Rasha.

Ba a wannan rana ta fara kasada ba. An haife ta a Siwizalan a 1946, mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, kakarta ce ta raine ta a ƙasar Ayalan. A farkon shekarun 1970 ta yi doguwar tafiyar teku da mijinta na farko da 'ya'yansu a jirgin ruwa mai filafilai. A 1983 ta ƙetare tekun Atilantika ita kaɗai a wani ɗan jirgin da tsawonsa bai wuce ƙafa 17 ba, daga baya kuma ta ratsa tsawon ƙasar Chile a kan doki. Wato dai mai hali ba ya fasa halinsa, rasuwar mijin ta ba halin alƙibla ne kawai.

Ta zaɓi hanyar arewacin duniya saboda nan ne ƙasa ta fi yawa, ruwa ya fi ƙaranci, sai inda teku ya tare ta ne take shiga jirgi. Daga Turai ta shiga Rasha, ta wuce Mosko a 2004, ta ratsa Saberiya har Magadan a gaɓar gabas a 2005. Daga nan sai Alaska, Kanada, Amurka, sannan Girinlan da Aislan, ta sauko ta Sikotilan zuwa gida. Babu motar da ke bin ta a baya da likita ko mai dafa abinci. Keken kaya ne take ja, an ɗaura mata shi a ƙugu, a cikinsa akwai abincinta da murhunta da kayan kwanciya, kuma a wasu darare nan ne ɗakinta.

Mu da muka fi sanin sanyin hunturu, wanda rigar sanyi da garwashi ke maganinsa, da wuya mu gane abin da jiki ke gani a inda awo ke sauka ƙasa da digiri 50 a ƙarƙashin sifili. Idan sanyi ya kai haka, jiki yakan janye jini daga yatsu da hanci da kunne ya mayar da shi ƙirji da ciki, domin ya ceci zuciya da huhu. Yatsun da aka bari babu jini sai ruwan cikinsu ya daskare, naman ya fara mutuwa. Wannan ya same ta a ƙafa a Alaska, har sai da aka ɗauke ta zuwa asibiti, da ta samu sauƙi ta koma ta ci gaba. Zufa ma abokiyar gaba ce a can: mai gudu dole ya yi gumi, gumin kuwa da ya tsaya hutawa zai zama ƙanƙara a cikin rigarsa. Ga ƙishirwa a tsakiyar ruwa, don komai ya daskare, sai an hura wuta an narkar da ƙanƙara kafin a samu kurɓi ɗaya. A Saberiya ciwon huhu ya kwantar da ita, motar bas ta buge ta, kyarketai kuma sun yi kwanaki suna bin sawunta.

Abin da ya kusa hana ta ƙarasawa bai kai waɗannan ban tsoro ba. Ƙashi abu ne mai rai, kullum yana ɗan tsagewa yana gyara kansa. Idan aka yi ta dukansa da nauyi iri ɗaya babu hutu, tsagewar takan fi gyaran sauri, har ya fashe ba tare da an faɗi ko an bugu ba. Saura ƙiris ta isa gida ƙugunta ya yi haka. Dalilin sandunan nan ke nan.

An ce tafiyar ta tara kimanin fam 250,000. Idan aka raba a kan kilomita 32,000, kowace kilomita ta kawo abin da bai cika fam 8 ba. Attajiri ɗaya zai iya ba da wannan a zama guda, ko gumi bai yi ba, kuma masu sukar irin waɗannan tafiye-tafiye sukan faɗi haka. Akwai gaskiya a maganarsu, har da zargin cewa wasu yawon ganin duniya suke so, sadakar hula ce kawai da aka ɗora a kai. Amma a ganina lissafin kuɗi kaɗai bai kama bakin zaren ba. Ciwon da ya shafi fitsari da gaban namiji ba abin da ake hira a kansa a majalisa ba ne, a Turai ko a nan. Likita zai yi shekara yana wa'azi a rediyo a wuce shi. Amma dattijuwa ta ɓullo a ƙauyen Saberiya tana jan keke cikin ƙanƙara, kowa zai fito ya tambaye ta me ya yi zafi, kuma amsar da za ta bayar ita ce saƙon. Wahalar ita ce ke sayo mata kunnen mutane.

Saƙon kuwa ya fi shafar mu fiye da mutanen da ta ratsa. Wannan ciwo shi ne dajin da ya fi kama maza a Nijeriya, kuma an tabbatar cewa baƙar fata sun fi fararen fata haɗarin kamuwa da shi. Akwai gwajin jini da ake kira PSA wanda kan ba da alamar farko, ko da yake shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai likita ya ƙara bincike. Magidancin da ya haura hamsin, ko wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, ya kamata ya tayar da maganar da kansa idan ya je asibiti.

Doguwar tafiya da niyya a zuci ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Kakanninmu sun taka daga Kano da Katsina, ta Barno da Chadi da Darfur, har gaɓar Bahar Maliya don sauke farali, wasu su yi shekaru suna noma a hanya don samun guzuri, wasu su zauna ke nan, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Sun san abin da Rosie ta tarar, cewa matafiyi da ƙafa ba ya rayuwa sai da alherin mutanen da bai sani ba, mai ba shi ruwa, mai ba shi masauki, mai nuna masa hanya.

Bayan ta dawo ta rubuta littafi a kan tafiyar, masarautar Birtaniya ta ba ta lambar girmamawa. A 2018, tana da shekara 71, ta sake ɗaura keken a ƙugu daga garin Brighton, ta nufi Katmandu don tallafa wa ayyukan lafiya da ilimi a ƙauyukan Nepal. Tana Turkiyya a 2020 lokacin da annobar korona ta sa aka rufe iyakoki.