Tafkin tarwada da randar tsakar gida

Kowace randa tana naso. Danshin nan da ke fitowa a jikinta shi ke sanyaya ruwan, don haka babu matar da za ta kira shi lahani. Amma uwar gida a Gaya ko Ajingi ta san inda naso ya ƙare, yoyo ya fara: idan randa ta tsage, ruwa zai yi ta sauka har ya iso ƙasan tsagar, sai ya tsaya cak. Nan za ta lalluba da hannu.

Wannan ilimin ne masu kiwon tarwada a bayan gida suka fi buƙata, kuma shi suka fi rainawa. Da ruwa ya ja baya sai a tayar da inji a ƙara, alhali tun cire tallafin fetur a 2023 jawo ruwa daga burtsatse ya daina zama abin wasa. Tafki mai mita 4 da mita 3, in ya sauka da santimita 5, lita 600 ce ta tafi, wato jarka 24.

Shi ma tafki yana da nasa nason. A zafin Maris da Afrilu rana kaɗai kan shanye kusan santimita 1 a yini. Sai a cika bokiti a ajiye gefensa, a yi wa kowanne alama, a dawo gobe war haka. In sun sauka tare, rana ce. In tafkin ya yi wa bokitin nisa, akwai ɓaraka.

Daga nan sai haƙuri. A kwashe kifin zuwa wani mazubi, a daina ƙara ruwa, a jira ya tsaya da kansa, sannan a bi layin da ya tsaya ana dubawa. Ni dai bakin bututun fitar da ruwa nake fara zargi, don siminti da roba ba su cika riƙe juna ba. Inda ido ya gaza, a ɗiga madara kusa da wurin. Farin zai nufi ramin.

In an gano ramin, sai gyara. Tafkin tampol faci ake yi masa bayan ya bushe, amma a ɗaga a leƙa ƙasa, ko saiwa ce ko ɓera. Wanda aka haƙa a ƙasar rairayi, irin wadda ta yawaita a yankin Gaya da Ajingi, sai an daɓe shi da yumɓu. Na siminti kuwa, ba a shafa sabo a kan tsaga. Ana faɗaɗa ta da kurfi a cike da kwaɓi mai ƙarfi. Kuma kada a yi gaggawar mayar da kifi, domin ɗanyen siminti yana kashe su. A cika, a bari ya kwana biyu, a zubar, a maimaita har mako ɗaya ko biyu.