Ko Kun Sani?

Shanun makiyayan Bagudo, da ke iyaka da Jamhuriyar Benin, suna girma ne da wani sinadari da ke fitowa daga ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Mu ma muna da shi. Farfesa Michael Wallis na Jami'ar Sussex a Ingila ya nuna cewa sinadarin kusan bai sauya ba a yawancin dabbobi masu shayarwa. Na kare da na alade ma iri ɗaya ne sak. Amma a zuriyar shanu da awaki, da ta birai da mutane, ya sauya da sauri. Shi ya sa na saniya ba ya aiki a jikin mutum, alhali insulin ɗinta yana yi. Har 1985, daga gawarwakin mutane ake ciro wanda ake ba yaran da girmansu ya tsaya.