Orman da Azhar: Lambuna Biyu a Alƙahira

Alƙahira birni ne mai cinkoso da ƙura, don haka duk inda ciyawa da inuwa suka haɗu, mutanensa ba sa wasa da wurin. Lambuna biyu suka fi tsaya mini a rai: Orman da ke Giza, daura da Jami'ar Alƙahira, da lambun Azhar da ke gabashin tsohon gari.

Orman dattijo ne. Khidiwi Isma'il ya sa aka dasa shi a 1875, aka tattaro masa itatuwa daga ƙasashe daban-daban. Azhar kuwa ɗan bana-bakwai ne, sai a 2005 aka buɗe shi, kuma asalinsa juji ne: tudun Darasa, inda aka yi wajen shekara 500 ana jibge shara da ɓaraguzan gini. Gidauniyar Aga Khan ta kashe dala miliyan 30 ta mai da shi lambu mai faɗin hekta 30. Garin kwashe sharar aka tono ganuwar zamanin Salahuddin Ayyubi da ta daɗe a binne, aikin ya kuma shiga unguwar Darbul Ahmar, ya gyara masallatai da gidaje, ya koya wa samarinta sana'a.

Arzikin Orman inuwa ce, irin wadda sai shekaru ke kawo ta, ga baje kolin furanni da a da aka saba yi a watan Maris. A Azhar rana tsaka tana iya duka, amma shi yana da tudu. Da la'asar sakaliya iska takan taso, iyalai su baje a ciyawa, ango da amarya su zo ɗaukar hoto. Daga can sama ana hango masallacin Muhammad Ali da hasumiyoyin tsohon gari birjik, kiran sallar magariba yana tasowa ta kowace kusurwa. Ɗalibanmu na Jami'ar Azhar ma ba su da nisa da shi.

Kowanne da cikas ɗinsa. An rufe Orman a 2023 domin gyara. Azhar kuma sai da kuɗin ƙofa, abin da ke damuna ke nan idan na tuna mai 'ya'ya da yawa da ƙaramin ƙarfi.

Duk da haka Azhar na zaɓa, domin alherinsa ya tsallake katanga ya isa gidajen maƙwabtansa.