Gwajin Jini da Alamun Ciwon Daji: Abin da Binciken Masana Ya Kawo

Idan cuta ta shiga jikin ɗan'adam, garkuwar jiki tana ƙera wasu sinadarai da likitoci ke kira antibodi. Kowane antibodi abu guda yake kamawa, kamar yadda kowane kwaɗo yake da makullinsa. Wannan hali ne ya sa masana suka mai da shi kayan awo: da zarar an sami antibodin da ke kama wani abu, ana iya gano abin nan a cikin ɗigon jini ko da ɗan kaɗan ne.

A da, daga jinin zomaye da awaki ake samo antibodi, kuma yakan fito a cakuɗe, na yau daban, na gobe daban. A 1975, César Milstein, ɗan asalin Ajantina, da Georges Köhler na Jamus suka warware matsalar a garin Kambirij na Ingila. Sun haɗa ƙwayar halittar ɓera mai ƙera antibodi da ƙwayar daji wadda ba ta daina hayayyafa, sai aka sami ƙwayar da ke fitar da antibodi iri ɗaya tak ba yankewa. Aikin ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a 1984. Ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini don gwada zazzaɓin cizon sauro a asibitocin Tibiri da Jiratawa na yankin Maraɗi a Nijar, da wanda mata ke gwada juna biyu da shi, duk da irin wannan antibodi suke aiki.

A fannin ciwon daji, abin da antibodi ke farauta shi ne sinadaran da ƙari ke zubarwa cikin jini. A 1963, Garri Abelev na Masko ya gano cewa wani sinadari mai suna AFP, wanda ɗan tayi ke ƙerawa kafin haihuwa, yana sake bayyana a jinin ɓerayen da ke da dajin hanta. A 1964 Yuri Tatarinov ya same shi a jinin mutane, sannan binciken René Masseyeff da abokan aikinsa a Dakar ya tabbatar da amfanin gwajin ga majinyatan Afirka ta Yamma. A 1965 Phil Gold da Samuel Freedman na Kanada suka gano CEA a dajin hanji. Robert Bast kuma ya yi amfani da dabarar Milstein a 1981 ya gano CA-125, wanda ake bibiyar dajin jakar ƙwan mace da shi.

Ga mutanen Maraɗi, AFP ne ya fi jan hankali, domin abubuwa biyu daga cikin waɗanda suka fi haddasa dajin hanta duk suna yankin. Na farko shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda yawanci tun ana yara ake ɗauka, ta yi shekaru a jiki ba tare da wani ciwo ba. Ita ma ta hanyar antibodi Baruch Blumberg ya gano alamarta a jini, aka ba shi Nobel a 1976. Na biyu shi ne aflatoksin, gubar da fumfuna ke bari a gujiya da masara idan an adana su ba su bushe sosai ba. Maraɗi kuwa da noma da cinikin gujiya ta yi suna. Idan cutar da gubar suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin yana ninkuwa ƙwarai.

Sai dai sakamakon gwajin ba hukunci ba ne. AFP yana hawa ga mai juna biyu da mai kumburin hanta, alhali babu daji. Akwai kuma masu dajin hanta da nasu ba ya hawa ko kaɗan. Shi ya sa likita ba ya tsayawa a kan lambar da ke takarda, sai ya haɗa da hoton ciki, wani lokaci har a ɗebi ɗan tsoka a duba. Babban amfanin waɗannan alamu shi ne bibiya: in lambar ta sauka bayan aiki ko magani, an san ana cin nasara, in ta sake tashi, sai a koma bincike da wuri.

Tun 2008 Nijar ta sa rigakafin cutar hanta nau'in B cikin allurar jarirai, kuma a 2021 aka buɗe sashen gasa ƙarin daji da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. Amma duk wanda aka haifa kafin zuwan rigakafin, gwaji kaɗai zai nuna masa matsayinsa. Wanda aka samu da ƙwayar cutar, musamman in hantarsa ta fara taurarewa, likitoci na ba shi shawarar yin hoton ciki da gwajin AFP duk wata shida, domin dajin hanta da aka gano yana ƙarami ne ake iya yi wa aiki.