Idan Ciwon Mafitsara Ya Riƙa Dawo wa Kyanwa

Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, amma akwai wanda ba ta iya ɓoyewa. Za ka ga ta je inda ta saba fitsari ta tsuguna, ta daɗe tana yunƙuri, wutsiya na rawa, sannan ta miƙe ta bar ɗigo biyu ko uku. Kafin ka juya ta sake komawa. Wani lokaci ta saki ƙara tana cikin yi, wani lokaci ɗigon ya fito jaja-jaja kamar ruwan da aka wanke nama. Tana gamawa sai ta duƙufa lasar ƙasanta, har gashin mara ya fara zubewa. Daga nan a soma tsintar fitsari a wuraren da ba ta taɓa yi ba: kan tayil, cikin bahon wanka, kan katifa, ko kan dardumar sallah. A nan ne take shiga uku da mutanen gida, domin ga wari ga maganar tsarki. Sai a ce ta lalace, a bi ta da tsintsiya. Alhali mafitsararta ce ta kumbura, kuma ta ɗora laifin zafin a kan wurin da ta saba tsugunawa, shi ya sa take neman wani.

Abin da ke rikita mai kyanwa shi ne ciwon yakan lafa da kansa cikin kwana biyar zuwa bakwai, a ɗauka an rabu da shi, sai bayan 'yan watanni ya sake dawowa. Kusan rabin kyanwoyin da suka taɓa yi suna sake yi kafin shekara ta zagayo.

Kafin komai, akwai hali guda da ba a kwana da shi. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce kuma siririya ƙwarai, musamman can wajen ƙarshe. Majinar kumburi da jini da ɗan rairayin da ke cikin fitsari sukan dunƙule su toshe ta ruf. Muzurun zai yi ta zarya yana nishi ba abin da ke fita, mutane su zaci kashi ne ya ƙi zuwa. In ka shafa mararsa a hankali za ka ji mafitsarar ta cika ta yi tauri, kuma ba zai yarda ka taɓa ba. Kada a matsa, tana iya fashewa. Daga nan sai ƙin abinci, amai, da kwanciya liƙis. Fitsarin da ya kasa fita yana tsayar da aikin ƙoda, sinadarin fotasiyam ya taru a jini har ya dagula bugun zuciya, kuma cikin kwana biyu zuwa uku ana iya rasa shi. Muzurun da ya wuni yana yunƙuri ba ɗigo, a kai shi wurin likitan dabbobi a wannan ranar, ko da dare ne. A can za a yi masa allurar barci, a zura robar fitsari a buɗe hanya, a yi masa ƙarin ruwa. Mace ba kasafai take toshewa ba, saboda hanyarta gajeriya ce mai faɗi.

To, me ke kawo ciwon? Mutum in ya ji zafin fitsari, ciwon sanyi yake fara kawowa a ransa, ya wuce kemis a haɗo masa kafso. Haka muke yi wa kyanwa, kuma a nan ake yin kuskuren. A cikin kyanwoyin da ba su kai shekara goma ba, ƙwayoyin cuta ba su cika zama sanadi ba. 'Yan kaɗan ne ƙwarai ake samun bakteriya a fitsarinsu in an yi gwajin da ya dace. Wasu tsakuwa ce a mafitsara, kamar ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka. Mafi yawa, wajen kashi biyu cikin uku, za a yi gwaji a ɗauki hoto a ga ba ƙwayar cuta, ba tsakuwa, ba ƙari, sai kumburi kawai. Wanda ya ɗura wa irin wannan kyanwa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ga ta warke a kwana na shida, zai rantse maganin ne ya yi aiki. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ba abin da ya samu sai asarar kuɗi, da koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, da kokawar ɗura wadda ita kanta tana ƙara firgita dabbar.

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan lamari shi ne wani likitan dabbobi mai suna Tony Buffington na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka. Shi da abokan aikinsa sun riƙa karɓar kyanwoyin da masu su suka gaji da ciwon har suka fid da rai, suka ajiye su a wurin bincikensu. Abin mamaki, da aka ba su zama mai tsari, abinci a kan lokaci, mai kula guda da suka saba da shi, wurin ɓuya da abin wasa, sai yawancinsu suka daina nuna alamun. A wani rahoto da suka fitar a 2011, sun nuna cewa duk lokacin da aka hargitsa wannan tsari, misali aka canza mai kula ko aka jinkirta abinci, alamun rashin lafiya irin su amai da ƙin abinci da fitsari ba bisa ƙa'ida ba sun ninka kusan sau uku. Har lafiyayyun kyanwoyin da aka haɗa su da su don kwatance ba su tsira ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa: ana ta duba mafitsara, ashe tushen abin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyin kyanwar ke karɓar firgici. Irin waɗannan kyanwoyi jikinsu ba ya saurin sauka daga halin ko-ta-kwana. Jijiyoyin da ke zuwa mafitsara sukan harzuƙa, shimfiɗar da ke kare bangonta ta ciki ta yi rauni, fitsari ya riƙa taɓa naman da bai kamata ya taɓa ba. Akwai ciwo mai kama da wannan a mutane, kuma mata ya fi kamawa.

Ciwon ya fi yawa a inda ake kulle kyanwa a ɗaki. Magen gidan gargajiya mai yawo tsakanin rumbu da soro da saman katanga, tana kamun ɓeranta, ba ita ce ta fi shiga haɗari ba. Amma yanzu a Kano da Kaduna da Abuja ana ƙara samun masu kiwon kyanwoyi 'yan ƙasar waje masu dogon gashi, a kulle a falo, ana ciyar da su busasshen abinci na buhu. Zaman wuri ɗaya, ƙiba, busasshen abinci, da zama tare da wata kyanwar da ba sa shiri: waɗannan su ne abubuwan da bincike ya yi ta samu tattare da ciwon.

Magani na farko ruwa ne. Kakar kyanwar gida magen daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta saba da busasshiyar ƙasa. Ruwanta a jikin abin da ta kama take samunsa, domin ɓera kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Saboda haka ƙishirwa ba ta cika kora ta bakin kwano ba, kuma fitsarinta mai kauri ne. Busasshen abinci ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 ba, na gwangwani kuwa ya kai 75 zuwa 80. Kyanwa mai nauyin kilo huɗu tana buƙatar kimanin mililita 200 a rana, wato bai kai rabin ledar fiya wata ba, amma in busasshen abinci kaɗai take ci da wuya ta sha abin da zai cike giɓin. Abin da ake so shi ne fitsari ya tsinke, ya yi yawa, ya daina cin bangon mafitsara.

Saboda haka a karkata ga abinci mai laima. In na gwangwani ya yi tsada, a jiƙa busasshen da ruwan ɗumi, ko a zuba masa romon kaza ko na kifi da aka dafa ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba tafarnuwa. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, don haka ragowar miyar gida ba tata ba ce. Canjin a yi shi sannu a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, ana ajiye sabon kusa da tsohon, domin canjin gaggawa shi ma tashin hankali ne a wurinta. Kwanukan ruwa kuwa a ajiye biyu ko uku a wurare daban-daban, masu faɗin baki, nesa da abinci da wurin bahaya, a riƙa sake ruwan kullum. Wata kyanwar ba ta son ruwan kwano sai na famfo mai ɗiga, wata sai na kasko mai sanyi. A bar ta da zaɓinta. Madara ba ta maye gurbin ruwa, kuma manyan kyanwoyi da yawa zawo take sa su.

A 2004 likitoci a Jami'ar Edinbara da ke Sikotilan sun gwada wani maganin da ake tallatawa cewa yana gyara bangon mafitsara, wato gulukosamin, a kan kyanwoyi 40 na tsawon wata shida. Rabi aka ba su maganin, rabi aka ba su na bogi. Ba a ga wani bambanci tsakaninsu ba, amma yawancinsu sun samu sauƙi, kuma da aka duba sai aka ga kusan duk masu kyanwoyin sun ƙara musu abinci mai laima a lokacin gwajin. A ganina duk mai shirin sayen kwalabe masu tsada ya kamata ya fara jin wannan labari.

Sai gyaran zama, wanda ya fi wuya domin sai mutum ya kalli gidansa da idon kyanwa. Abin da mu muke ɗauka hidima ce ta yau da kullum, ita a wurinta girgizar ƙasa ce: taron biki ko suna, baƙi da suka kwana, tashi zuwa sabon gida, magina a tsakar gida, ƙarar janareta kusa da inda take kwana, yara masu ɗaukarta suna jan wutsiya. Babba a cikinsu duka shi ne wata kyanwar. Faɗan kyanwoyi ba lallai sai an ji hayaniya ba. Ɗaya ta kwanta a bakin ƙofa ta zuba wa ɗayar ido ya isa ya hana ta zuwa shan ruwa ko fitsari har tsawon wuni. Muzurun maƙwabta da ke leƙowa ta taga ma haka. Dole kowacce ta samu kwanon abincinta da na ruwanta a wurin da ba sai ta ratsa ta gaban abokiyar gaba ba. Ta samu wurin ɓuya, ko da kwali ne a saman kabad, inda ba mai zaro ta. Sannan a ware 'yan mintoci kullum a yi mata wasan farauta da igiya da gashin kaza. Buffington da mutanensa sun bi kyanwoyi 46 da aka yi wa irin wannan gyara na tsawon wata goma, suka wallafa a 2006 cewa alamun ciwon sun ragu sosai, har tsoro da fargabar kyanwoyin ma sun ragu.

Wurin bahaya ƙa'idarsa sananniya ce: yawan kyanwoyin gida a ƙara ɗaya. Mai kyanwa biyu ya ajiye baho uku, ba a jere wuri ɗaya ba. Bahon ya kai tsawon kyanwar sau ɗaya da rabi, a zuba yashi mai laushi marar ƙamshi, a kwashe ƙazanta kullum. Wankinsa da sabulu da ruwan zafi ya wadatar. Dettol da Izal guba ne ga kyanwa. Mai juna biyu kuma ta bar wa wani wannan aiki, saboda wata cuta da ake ɗauka daga kashin kyanwa mai iya taɓa ɗan da ke ciki.

Ciwon yana da zafi, kuma rage zafin haƙƙin dabbar ne, amma likita ne zai zaɓi magani da awonsa. Farasitamol, wanda ba gidan da babu shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Ibufurofen shi ma ƙoda da ciki yake lalatawa. Ga kyanwar da gyaran gida bai ishe ta ba, akwai magungunan kwantar da hankali da likita kan ɗora ta a kai na watanni, ba na lokacin da ciwon ya motsa kaɗai ba.

Duk wannan bayani ya tsaya ne a kan cewa an tabbatar ba wani abu ne daban ba. Kyanwar da ciwon ya dawo mata karo na biyu ta cancanci gwajin fitsari da hoto. Fitsarin da za a nemi ƙwayoyin cuta a cikinsa, likita ya fi son ya zuƙo shi da allura kai tsaye daga mafitsara, domin wanda aka kwaso a ƙasa ya riga ya gurɓata. Tsakuwa iri biyu ce ta fi yawa: ɗaya tana narkewa da abinci na musamman cikin makonni, ɗayar sai an yi tiyata. Asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, wurare ne da za a iya neman irin wannan bincike. Zai taimaka wa likita ƙwarai in mai kyanwa yana rubuta ranar da ciwon ya motsa da abin da ya faru a gida a makon.

Shekaru ma suna sauya lissafin. Kyanwar da ta haura shekara goma, musamman mai ciwon ƙoda ko ciwon suga, fitsarinta ya riga ya tsinke, ƙwayoyin cuta na samun wurin zama, don haka a wurinta maganin kashe su yana iya zama daidai bayan gwaji. Muzurun da ya toshe sau biyu ko uku kuwa, akan yi masa tiyatar da ke yanke siririn ƙarshen hanyar a buɗe mafita mai faɗi. Tiyatar tana rage haɗarin toshewa, amma ba ta taɓa kumburin mafitsarar, don haka bayan ya warke ma sai an ci gaba da abinci mai laima da gyaran zama.