Daga Zauren Taro Zuwa Gadon Majinyaci

Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wadda aka kafa a 1899, takan gudanar da babban taronta duk bayan shekara biyu. Na 2023 a birnin Montreal na Kanada aka yi shi. Harsunan aikinta uku ne: Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci. Don haka malamar jinya da ta halarci taron daga ƙasar Hausa takan dawo da sabon ilimi cikin baƙon harshe, alhali majinyaciyarta da "jijjiga" ko "yoyon fitsari" take bayyana larurarta. Muddin ba a daidaita kalmomin jinya a Hausa ba, tsarabar tafiyar za ta tsaya a aji, ba ta isa gadon asibiti ba. Wannan nauyi kuwa ya rataya a wuyan masana harshe da malaman jinya baki ɗaya.